Garmar Baba da Belin Timothy

Fatakwal, Maris 2009

Zuwa ga 'yata Rita,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki, ƙanwata. Ni dai ina nan, sai ciwon gwiwa da sanyin garin nan ya sa mini. Har yanzu gadin sito nake yi a bakin ruwa, ni da sauro.

Lukmanu ne zai kawo wannan takarda, direban da ke ɗauko shanu daga Dei-Dei yana saukewa a nan. Zai ajiye ta a shagon mai siminti da ke bakin kasuwa. In kin rubuta amsa ki bar ta can. Kada ki nemi lambata. Wayata ta faɗa ruwa bara, ban sayi wata ba. Wa ke kirana da labarin da zan so ji?

Lukmanun ne ya gaya mini kin shiga makarantar lauyoyi ta Bwari, wai ya gan ki cikin baƙi da fari kina tafiya kamar ba ki taɓa ɗaukar itace a kafaɗa ba. Na yi murna. Amma ba zan ɓoye miki ba, ba na son lauyoyi. Wanda muka ɗauka da farko ya cinye kajin matata Hansatu kaf, sannan ya daina gane ta a hanya.

Kin san ɗana Timothy yana gidan yari, shekara ta uku ke nan. An yi faɗa a kasuwar katako, aka ƙona rumfuna, aka kwashe duk wanda aka samu a tsaye. Shi sauke katako ya je yi. Har yau ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Uwarsa Hansatu ta bar ƙauye ta koma Karmo tana gasa masara, don ta kusance shi.

An ce kuna da ofis a makaranta inda ɗalibai ke duba maganar talaka kyauta. Ban sani ba ko taimako ne, ko da mu kuke gwada hannu. Ko gwajin ne na yarda, ku gwada.

In kin gan shi ki ce masa gonar Gindin Dutse tana nan. Ita kaɗai gwamnati ta rage mana a Kwali, kuma Baba, kakanki, yana binne ƙarƙashin ɗorawarta. Kin san ƙa'idar gidanmu, wanda garmar Baba ke hannunsa shi ke da gonar. Shi ya sa na taho da ita, tana ƙarƙashin gadona. Leonard, ɗan baffana, tun da ya shiga aikin gwamnati yake yawo da masu gina gidaje yana nuna musu dutsenmu da yatsa. Ya nuna har yatsan ya gaji.

Kawunki,
Bartholomew

*

Dei-Dei, Yuni 2009

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya gwiwar? Ka riƙa gasa ta da ruwan zafi. Mama lafiyarta lau, tana gaishe ka.

Ofishin gaskiya ne, kilinik muke ce masa. Mu ɗalibai ba mu da izinin magana a gaban alƙali. Mu ne masu zuwa gidan yari, mu saurari mutane, mu rubuta, mu bi takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Malamarmu, Barista Helen, ita ke tsayawa a kotu. Da na kai mata maganar Yaya Timothy ta ce in sa shi cikin waɗanda za mu gani.

Na gan shi, Kawu. Ya rame, amma bakin yana nan. Da ya hango ni sai ya ce, "Kai! Ku zo ku ga Rita da kwat. Wannan da ke kuka in an aike ta rafi, ita ce za ta fitar da ni?" Na ce masa ya yi shiru ko in bar shi nan. Muka yi dariya har ganduroba ya leƙo. Da na ambaci Gindin Dutse sai dariyar ta tsaya. Ya ce kullum kafin barci ya ɗauke shi sai ya nome gonar a cikin kansa, kunyar doya ɗaya bayan ɗaya, daga ɗorawa har bakin rafi. Ya ce abin da ya hana shi haukacewa ke nan.

Takardun shari'arsa sun ɓace tun shekarar farko, shi ya sa ba a kiransa. Mun sha yawo kafin muka tono su.

Yanzu ga babban labari. A kan benci nake rubutu, Lukmanu ya riga ya tayar da mota. Barista ta kira ni daga kotu ɗazun nan: alƙali ya ba da belin Yaya Timothy! Ban ma tsaya jin sauran ba, na hau acaɓa na taho don kada motar ta tafi. Na aika wa Maman Timothy.

'Yarka,
Rita

*

Fatakwal, Yuni 2009

'Yata Rita,

Gaisuwa da godiya. Lafiyata lau, yau ko gwiwar ban ji ta ba.

A tsaye na karanta takardarki a bakin ƙofa, sai na ga na zauna a ƙasa ban san lokacin da na zauna ba. Oga mai siton ya fito ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce ɗana zai fita. Ya ce dama kana da ɗa? Shekaru ina buɗe masa ƙofa.

Na aika wa Hansatu ta sayi akuya. Kada a yanka sai ya shigo da ƙafarsa ya ga ana kamawa, shi yake son ƙafar baya. Ki ce masa ya huta wannan damina, ya ci ya murmure. Da kaka ta yi zan zo da garma da kaina in sa masa a hannu.

Na janye rabin abin da na faɗa a kan lauyoyi. Sauran rabin zan riƙe tukuna.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Bartholomew

*

Bwari, Yuli 2009

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata jiki da sauƙi. Ni lafiya, amma takardarka ta hana ni cin abinci.

Ka yafe mini, na yi gaggawa. Belin yana da sharaɗi, ban tsaya na ji ba. Alƙali ya ce sai an sami wanda zai tsaya masa, mutumin da ya mallaki fili a Abuja, mai takardar gwamnati ta mallaka. Har yanzu Yaya Timothy yana ciki.

Mai unguwarmu ya zo daga ƙauye da sandarsa, ya ce shi zai tsaya. Magatakardan kotu ya tambaye shi takarda. Ya ce wace takarda, shi da kakanninsa ke binne a ƙasar? Magatakardan bai yi masa rashin kunya ba, har kujera ya ba shi. Ya dai ce a wurin kotu, wanda ba shi da takarda ba shi da fili. Tsohon ya tashi ya tambaye ni inda ake hawa motar Kwali.

Ranar Asabar kilinik ya kai lacca Karmo, kusa da tasha. An kafa rumfa, aka ba ni lasifika saboda na fi sauran Hausa. Ina bayanin cewa beli haƙƙin mutum ne, ba a sayensa, sai wata mata ta miƙe daga baya da mafici a hannu. Maman Timothy ce. Ta ce, "Rita, ni ba tambayar doka zan yi ba. Akuyar nan tana cinye mini masarar sayarwa. Yaushe zan yanka ta?" Mutane suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.  Ban iya ƙarasa laccar ba, wani ya karɓa.

A mota Barista Helen ta yi mini faɗa a gaban kowa. Ta ce ƙa'idar kilinik ita ce ba a gaya wa iyali abin da kotu ba ta riga ta damƙa maka a hannu ba. Gaskiyarta ce, kuma ba zan sake ba.

Kotu ta tafi dogon hutu. Mu kuma jarrabawar ƙarshe ta matso, ba ma fita ko'ina. A yanzu babu abin da zan iya yi. Ka yi haƙuri har a dawo.

'Yarka,
Rita

*

Fatakwal, Agusta 2009

Rita,

Gaisuwa. Ina nan, gwiwar ta dawo da 'yar'uwarta.

"A yanzu babu abin da zan iya yi." Na san wannan maganar. Ita lauyan farko ya faɗa wa Hansatu ranar da kaza ta ƙarshe ta shiga motarsa. Ban zaci makarantar taku tun kafin a ba ku hular lauya take koya muku ita ba.

Kotu ta tafi hutu. To, madalla. Alƙali ya gaji, a ba shi ruwa. Shi Timothy yaushe nasa hutun? An kuma ce mini kafin ku zama lauyoyi dole sai kun zauna wata liyafa kun ci abinci da cokali mai yatsu. Ki ci da kyau, kada miya ta zuba a farar rigar.

Na san ba ke kika rubuta dokar ba. Na san da ba don ke ba ko sunansa ba za a kira ba. Wannan ba zan hana ki ba. Amma ki duba mini wannan abu: an ɗauki ƙasarmu an gina birni, an rarraba wa baƙi da takarda, yau an ce in kawo mai fili a Abuja, a garinmu kaf babu ko ɗaya.

Sai mutum ɗaya. Leonard ya je wurin Hansatu a Karmo, da lemo a leda. Yana da fuloti, yana da takarda. Ya ce jini ɗaya ne, ba zai bar yaro ya ruɓe a ciki ba, zai tsaya masa. Sai dai garmar Baba ta zo hannunsa a gaban dattawa. Hansatu ta aiko Lukmanu da baki, ta ce a tambaye ni ko ƙarfe na haifa ko mutum.

To ga tambayata, ɗaya ce. Alƙali ya riga ya yi magana a kan kujerarsa, na kuma san ba a komawa a ce wa babba ya haɗiye maganarsa. Mu ma a ƙauye in dagaci ya yanke, ya yanku. Akwai wata hanya ban da Leonard? In akwai ki rubuta mini ko layi ɗaya. In na ji shiru, na gane.

Kawunki,
Bartholomew

*

Fatakwal, Satumba 2009

Rita,

Gaisuwa. Ina fata jarrabawa ta yi kyau. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Lukmanu ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, mai siminti ya ce babu komai. Na gane.

Hansatu ta kai wa Timothy abinci ta tarar yana tari, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Ta ce ya ɓoye mata tsumman da yake tofawa a ciki. Ɗakin da suke ciki kwanciya ma bi da bi ake yi.

Na fito da garmar na wanke ta, na shafa mata man ja. Ban san dalili ba, wanda za a ba ai ba noma zai yi da ita ba. Ƙotar ta lotsa daidai inda hannun Baba yake kamawa, nawa hannun bai taɓa cika wurin ba. Na naɗe ta a buhu na miƙa wa Lukmanu. Ya ƙi karɓa. Ya ce, "Baba Bato, ka ƙara haƙuri kaɗan, yarinyar nan ba mai yar da mutum ba ce." Na ce masa ɗansa ne ke tari? Sai ya karɓa, ya sa ta a gaba kusa da shi, bai jefa ta baya cikin kashin shanu ba. Na gode masa da wannan.

An tara dattawa a ƙofar dagaci, mai unguwa ya faɗi saƙona cewa na saki, Leonard ya karɓa da hannu biyu. An ce har hawaye ya yi. Wataƙila na gaske ne, shi ma Baba ya goya shi.

Ba don in ɗora miki nauyi na rubuta ba. Don ki sani ne in kin ga Leonard a kotu kada ki yi mamaki, kada kuma ki yi masa rashin kunya. Kawunki ne shi ma.

Kawunki,
Bartholomew

*

Karmo, Oktoba 2009

Kawu,

Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba, bari in fara da mai daɗin. Yaya Timothy ya fito. Yana nan ɗakin Mamansa, ina jin tarinsa yanzu haka. Mun kai shi asibiti, an ɗora shi kan magani, sun ce zai warke in bai yi wasa da shan sa ba. An yanka akuyar. Ƙafar bayan ya riƙe a hannu ya daɗe yana kallo, kaɗan ya ci. Ba ya yarda a rufe ƙofa.

Takardunka biyu rana ɗaya na karɓe su. Tun da aka fara jarrabawa ban taka Dei-Dei ba, da aka gama kuma zazzaɓi ya kwantar da ni a wurin Mama. A gaban shagon simintin na karanta su ina kuka, mai shagon ya ɗauka mutuwa aka yi.

Kawu, akwai hanya. Tun farko akwai. Sharaɗin beli ba kamar hukuncin dagaci ba ne. In ya fi ƙarfin mutum, ana komawa wurin alƙalin a roƙe shi ya sassauta, ba raini ba ne, kullum ana yi. Ni da hannuna na rubuta roƙon tun watan Yuli, Barista ta gyara ta shigar, aka sa rana bayan hutu. Lokacin da na rubuta maka, takardar tana cikin jakata. Ban faɗa ba ne saboda akuyar. Na ce ba zan sake sa ka murna a kan abin da bai zo hannu ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa ba ka san ana iya roƙo ba. Mu a aji abu ne da ake faɗa a wuce.

Da kotu ta dawo alƙali ya saurari Barista, bai ma ja ba. Ya ce mutum biyu daga danginsa ko garinsu waɗanda aka san inda suke zaune sun isa. Maman Timothy da mai unguwa suka dangwala yatsa. Shi ke nan.

Kawu Leonard ya cika alkawarinsa, dole in faɗa. Ya zo kotu da takardarsa tun watan jiya. Aka aika ta ofishin filaye a tantance, har yau ba ta dawo ba. Ba a yi amfani da ita ba.

Na je ƙauye na durƙusa wa Kawu Leonard. Ya ce ba ƙwace ya yi ba, a gaban dattawa aka ba shi, kuma ya riga ya yi magana da masu gina gidajen nan. Dattawan ma haka suka ce, abin da aka saki a ƙofar dagaci ba ya dawowa. Na leƙa Gindin Dutse. Ɗorawa tana nan, amma an kakkafa turakun siminti masu jan fenti har bakin rafi. Barista ta ce ana iya gwada ƙara, sai dai ba ta yi alkawarin komai ba.

Yaya Timothy bai sani ba. Mamansa ta hana kowa faɗa. Jiya ya ce in rubuta maka ka ba Lukmanu garmar, kada ka jira sai ka zo, yana so ya fara tada kunya kafin ƙasa ta bushe. Ya ce ko kaɗan-kaɗan ne zai iya.

Kawu, me zan ce masa?

'Yarka,
Rita

*

Fatakwal, Nuwamba 2009

'Yata Rita,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na gode wa Allah da ya fito da yaron da ransa. Ki gaishe da Barista Helen, ki ce wani tsoho da bai taɓa ganinta ba ya cire mata hula.

Na daɗe ban amsa ba don amsar da na fara rubutawa ba ta aikawa ba ce. Na yaga ta. Na yi fushi da ke, na yi da alƙali, na yi da Hansatu, na yi da mai siminti da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da na gama zagayen sai na ga babu wanda ya yi mini ƙarya. Ke kin yi shiru don kada ki sake karya mini zuciya. Ni na ji shirunki na yi masa fassarar lauyan farko. Layi ɗaya ne ya rage a takardarki, shi ya tafi da gonar. Ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Amma ke kika fitar da shi, wannan ma ba zan bari kowa ya manta ba.

Maganar ƙara a bar ta. Na ce na saki a gaban dattawa, Leonard kuma ya je kotun kamar yadda ya ce. Ya matse ni a lokacin da ba ni da numfashi, wannan tsakaninsa da Baba ne. Abu ɗaya zan nema a wurinsa, su zagaye ɗorawar su bar tsohon ya kwanta. In sun ƙi, mu ɗauke shi.

Ga abin da nake so a wurinki. An ce za a ba ki hula kwanan nan. In kin sake riƙe lasifika a Karmo ko Kwali ko ina ne, kada ki fara da cewa beli kyauta ne, wannan mun gani a bangon ofishin 'yan sanda. Ki fara da wannan: ana iya komawa wurin alƙali a ce masa abin ya yi nauyi. Ki faɗa da ƙarfi, ki maimaita. Mutanenmu ba su sani ba. Mu an rene mu ne a kan babba ba ya magana biyu.

Har yanzu in zan sauko daga gado sai in janye ƙafa don kada in taka ƙarfen.

Kada kowa ya gaya wa Timothy. Ni na ba da ita, ni zan faɗa. Na sanar da oga ya nemi wani mai gadin. Zan biyo Lukmanu a zuwansa na gaba, mu sauka Dei-Dei da safe. Ki ce wa Timothy Baba yana zuwa da kansa, kada ki ƙara komai a kai, ai kin iya.

Na san shi, zai zo tarye ni ko yana tari. Zai dubi hannuna kafin ya dubi fuskata. Ki zo ki tsaya kusa da mu. Kada ki sa baƙi da fari, ki zo da zanenki na gida.

Kawunki,
Bartholomew